“Inna, ban da romo”: wahalar wanda ba ya cin nama a gidan abinci

Na yi niyyar ci gaba da maganar shirin jarrabawa da muka faro, sai ga wata wasiƙa daga wata ɗaliba 'yar aji biyar a ƙaramar hukumar Gwaram. Na karanta ta har sau biyu, na ga gara in ajiye waccan magana zuwa wani makon. Ta roƙi kada in ambaci sunanta ko na makarantarsu, na kuwa amince. Ga abin da ta ce:

“Malam, ni tun ina aji ɗaya ba na cin nama. In na ci naman sa ko na akuya, cikin dare sai jikina ya ɗauki ƙaiƙayi, borin jini ya fito mini, wani lokaci har da amai. A gida kowa ya sani, Innarmu ma miyata daban take yi mini a 'yar ƙaramar tukunya. Ran nan makarantarmu ta kai mu Birnin Kudu ganin zanen kan duwatsu. Da muka gama sai aka shiga da mu wani gidan abinci kusa da tasha. Na ce wa mai abincin a zuba mini ba nama. Ta zuba shinkafa da miya, ta sa cokali ta tsame tsokar da ta faɗo a sama, ta miƙo mini. 'Yan ajinmu suka fara dariya, wai kuɗina ne suka ƙare. Da malaminmu ya ji sai tausayi ya kama shi, ya ce a sa mini yanka biyu shi zai biya. Kunya ta hana ni magana, na ci. A daren nan ban runtsa ba. Malam, laifin wa ne?”

Zan zo ga tambayarki, ƙanwata, amma bari in ɗan tsaya a kan duwatsun da kuka je gani. Duk wanda ya taɓa zuwa Dutsen Mesa ko Dutsen Habude ya san yawancin abin da mutanen da suka zana a jikin duwatsun nan shanu ne. Tun a shekarun 1950 masu binciken tarihi suka fara rubuta labarin wannan zane, yau kuma yana cikin kayan tarihin da ƙasa ke kula da su. Wato tun kafin kakannin kakanninmu, dabba na da daraja a wannan yanki. Haka muka taso: rago a ranar suna, rago a layya, kaza in baƙo ya sauka, tsire in an samu 'yan kuɗi da yamma. A irin wannan ƙasa, wanda ya buɗe baki ya ce ba ya cin nama sai a dube shi kamar ya ce ba ya shan ruwa.

Abin dariyar shi ne, in ka zauna ka ƙirga abincin da muke ci kullum, rabinsa da wani abu babu ko ƙamshin nama a ciki. Ɗanwake da mai da yaji. Garau-garau. Ƙosai da koko. Kwaɗon zogale, kwaɗon rama, dambu, taliya 'yar murji, fura da nono, kunun gyaɗa. Gidaje da yawa a ƙauyukanmu sukan yi mako cur miyar kuka da daddawa kawai suke kaɗawa, yaran kuma su tashi da ƙarfinsu su je gona. Ashe ba abinci ne ya yi wa marar cin nama ƙaranci a Birnin Kudu da Gwaram ba. Abu biyu ne ke tare masa hanya: tukunyar mai abinci da bakin jama'a.

Mu fara da tukunya. Ku 'yan mata da ke taya iyayenku girki kun fi ni sanin wannan. In za a yi miyar sayarwa, nama ake fara tafasawa da albasa da gishiri, a tsame shi a soya, ruwan da ya bari kuma, wato romo, shi ake juyawa cikin kayan miya. Da shi ake dafa-duka, da shi ake miyar taushe ta waina, sau da yawa har da ƙashi a ciki don ta yi garɗi. Man da aka soya naman ma ba a zubarwa, miya yake komawa. Saboda haka in mai abinci ta tsame tsoka daga saman shinkafarki, a wajenta ta cika alkawari, domin abin da “ba nama” ke nufi a gidan abinci shi ne “kada ki ƙirga mini kuɗin nama”. Magana ce ta ciniki, ba ta lafiya ba. Ko da malaminku bai saya miki yankan nan biyu ba, mai yiwuwa miyar kaɗai ta isa ta hana ki barci.

Kuma ban ga laifinta sosai ba. Matar nan tukunya ɗaya take da ita, murhu ɗaya, itace ya yi tsada, ribarta kuma yawanci a kan nama take. Ba za ta ɗora tukunya ta biyu don mutum ɗaya da bai fi ya zo sau ɗaya a shekara ba. Da ta san akwai mutum goma da za su riƙa zuwa kullum neman miyar da ba romo, wallahi gobe za ku ga ta ɗora. 'Yan kasuwa ba sa jin wa'azi kamar yadda suke jin ƙarar kuɗi.

A wasu ƙasashe hakan ta riga ta faru. Ku masu kallon finafinan Indiya, ƙasar nan na da miliyoyin mutane da ba sa cin nama saboda addini ko al'adar gidansu, har doka ta tilasta wa kamfanoni su buga alama a jikin kwalin abinci: koren ɗigo cikin koren murabba'i yana nufin ba nama a ciki, alama mai launin ƙasa-ƙasa kuwa tana nufin akwai. Akwai gidajen abinci da nama bai taɓa shiga ƙofarsu ba. Mabiya addinin Jain a can ma ba sa cin albasa da tafarnuwa da dankali, duk abin da ake tonowa daga ƙasa. A Habasha, Kiristocin ɗariƙar Otodoks suna barin nama da madara da ƙwai duk Laraba da Juma'a, da kuma kwana 55 kafin bikin Ista, don haka kusan kowane gidan abinci yana da abin da suke kira abincin azumi, wake da ganye iri-iri a kan gurasarsu mai tsami. A Ingila tun 1847 masu ƙin cin nama suka kafa ƙungiyarsu. Turawa na kiran irin waɗannan mutane bejiteriyan. Mu ko suna ba mu raɗa musu ba, sai dai “wane ai ba ya cin nama”, a faɗa ana taɓe baki.

Amma akwai su a cikinmu, kuma sun fi yadda kuke zato yawa. Akwai wanda likita ya ce ya rage nama saboda ciwon ƙoda ko wani irin ciwon gaɓoɓi. Akwai wanda tun yana yaro ya ga an yanka tunkiyar da ya raina da hannunsa, daga ranar zuciyarsa ta ƙi. Akwai wanda ƙarnin ne kawai ba ya so. Akwai kuma irin ƙanwarmu ta Gwaram, wadda jikinta ne ke yaƙi da shi.

A kan wannan na ƙarshen ina so ku saurara da kyau. Ni ba likita ba ne, kuma ba a gane ciwo ta wasiƙa. Sai dai likitoci sun san akwai mutanen da jikinsu ba ya karɓar naman dabbobi masu shayarwa, irin su saniya da tunkiya da akuya. A 2009 wasu masu bincike a Amurka suka bayyana wani nau'insa da ke farawa bayan cizon kaska. Abin da ya sa yake rikita mutane shi ne ba nan take yake nunawa ba, sai bayan awa uku zuwa shida da cin naman, shi ya sa mutum zai ci da rana ko da yamma, ya tashi cikin dare yana susa, ya ɗauka sauro ne ko sammu. Masu irin wannan sau da yawa sukan iya cin kaza da kifi lafiya lau. Ko shi ne ke damunki ko wani abu daban, gwaji da tambayoyin likita ne za su nuna. Ki roƙi Baba ya kai ki babban asibitin Gwaram ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, ki faɗa musu komai, har da awa nawa yake ɗauka kafin ya taso. In kuwa wata rana kika ji leɓe ko harshe ya kumbura, ko numfashi na yi miki wuya, wannan ba na jira gari ya waye ba ne. Duk wanda ke kusa ya nemo abin hawa a lokacin. Ku ma sauran ku riƙe wannan, domin wata rana abokin ɗakinku ne zai buƙata.

To, mu koma ga bakin jama'a, wanda a ganina ya fi tukunya ciwo.

Lokacin da nake makarantar kwana, sau ɗaya a mako ake sa mana nama, yanka ɗaya da bai fi kan babban yatsa ba. Akwai wani ɗan ajinmu da ba ya ci. Ranar nama yaron nan ya fi shugaban ɗalibai farin jini, tun a aji ake kama masa jaka ana tambayar lafiyar mutanen gida. Da zarar an gama cin abinci kuma sai mu koma kiransa “ɗan akuya mai cin ganye”. Ina cikin masu cin yankansa, ina kuma cikin masu tsokanarsa, Allah Ya yafe mini. Shekara biyar muna tare ban taɓa tambayarsa dalili ba. Sai da muka girma muka haɗu a wani ɗaurin aure ya gaya mini cewa duk ranar da ya ci miyar da aka dafa naman a ciki, cikinsa murɗawa yake yi har asuba, amma ba shi da zaɓi, in bai ci ba sai ya kwana da yunwa. Mu muna can muna rabon tsoka, shi yana shan romon yana kwana a zaune.

Dariyar da 'yan ajinki suka yi, ƙanwata, ba ke kaɗai ta soka ba. Na tabbata a cikin motar nan akwai ɗalibi ko ɗaliba da kuɗin da aka ba su daga gida bai kai na nama ba. Suna ji ana yi miki dariya, sai su lissafa abin da ke aljihunsu, ko dai su sayi naman da kuɗin motar komawa gida, ko su ce sun ƙoshi alhali cikinsu na kuka. Na sha ganin haka a tafiye-tafiyen makaranta. Yaro ya zauna a bakin ƙofa yana wasa da hula, wai ba ya jin yunwa. Ranar da muka daina ɗaukar tsoka a kan shinkafa a matsayin ma'aunin arzikin uban mutum, marar lafiya da marar kuɗi duk za su ci abincinsu da sakin jiki.

Wani zai ce, Malam, ai nama halal ne, ƙinsa ba butulci ba ne? Ku tambayi malaman Islamiyyarku. Abin da aka hana shi ne mutum ya haramta abin da Allah Ya halatta. Amma ka bar abu don yana cutar da kai ko don ranka bai so, wannan daban ne. Ya zo a hadisi ingantacce cewa an kawo wa Annabi (SAW) naman damo bai ci ba, da aka tambaye shi ko haram ne ya nuna ba haram ba ne, kawai bai saba da shi ba a ƙasar mutanensa kuma ransa bai so, Khalid bin Walid ya jawo ya ci a gabansa. An kuma ruwaito cewa ba ya kushe abinci: in ya so ya ci, in bai so ba ya bari. Wannan ladabi ya hau kan kowa, mai ci da marar ci. Ke ma kada ki yamutsa fuska in ƙawarki na tauna tsirenta.

Yanzu ga yadda za ki yi in tafiya ta sake kama ki. Ki fara da gaisuwa, kamar yadda aka koya mana. Kada ki tsaya daga nesa ki ɗaga murya cikin taron masu saye. Ki matsa kusa ki ce, “Inna, sannu da aiki. Ni nama yana tayar mini da ciwo, ko romonsa ba na sha. Wane abinci kike da shi da romo bai shiga ba?” Kalmar ciwo ita ce mabuɗin. Matan nan iyaye ne, da zarar ta ji lafiya ce sai ki ji ta ce, “Ayya 'yata, to bari in zuba miki da mai da yaji.” Daga nan saura ki duba ludayi, kada a ɗebo miki wake da wanda ya fito daga miya, ki kuma tambaya ko man na gyaɗa ne daga kwalba ko ragowar suyar nama ne.

In kin ga wurin ya cika, mai abinci ba ta da lokacin amsa tambaya, ki nemi abin da idonki zai ga yadda ake haɗa shi. Ɗanwake a gabanki ake tsamo shi a zuba mai da yaji. Ƙosai da awara da dankali a gabanki ake soyawa. Kwaɗo a gabanki ake kwaɗawa da ƙuli-ƙuli. Inda za ki yi hattara shi ne alala, don wasu na saka kifi ko romo a ƙullun, sai gurasar masu tsire, wadda sau da yawa a kan wuta ɗaya ake gasa ta da nama, ana yayyafa mata mai ɗaya. Dunƙulen ɗanɗano ma iri-iri ne, akwai mai hoton kaza akwai mai hoton sa. Wanda likita ya ce ya kiyaye sosai sai ya saba da karanta abin da aka rubuta a jikin takardar, Turancin da kuke koyo ai ba na jarrabawa kaɗai ba ne. Kuma ba abin kunya ba ne ki taho da ƙullin gyaɗa da dabino a jaka.

In gidan mutane za ki sauka, ki sa a gaya musu tun kafin ki iso. Babu abin da ya fi nauyi irin a yanka maka kazar da ita kaɗai ce a gidan, sannan ka ce ba ka ci. Wannan aikin manya ne: Inna ta aika, ko ta buga waya.

Tun da na ambaci awara, ku san cewa ba tsohon abincinmu ba ce. Asalinta daga ƙasar Sin ne, inda aka daɗe ƙwarai ana yinta da waken suya. A Najeriya ta bazu ne daga wajajen shekarun 1980, lokacin da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da wasu hukumomi suka dage wajen koya wa mata sarrafa waken suya. Matanmu suka karɓa, suka riƙa tsinka ta da ruwan tsami, yau ga ta a ƙofar kusan kowace makaranta. Sunan ma daga wara aka samo shi, cukwin madarar shanu.

Iyaye sukan ji tsoro cewa yaron da ba ya cin nama ba zai yi ƙarfi ba. Ga lissafin da za ku iya kai wa malamin kimiyyarku ya duba. A cikin giram 100 na ɗanyen naman sa akwai furotin, wato sinadarin gina jiki, kimanin giram 20. Busasshen wake yana da kimanin 24, gyaɗa kimanin 25, waken suya kuwa ya haura 35. Sai dai kada ku yi saurin tafi: in an dafa wake yakan sha ruwa ya kumbura, sai adadin ya sauko zuwa wajen giram 8 a kowane 100, don haka sai an ci da ɗan yawa. Haɗa wake da hatsi, kamar shinkafa da wake ko ƙosai da koko, yana sa ɗaya ya cike giɓin ɗaya. Kakanninmu ba su shiga ajin kimiyya ba amma sun gano wannan. Najeriya ce kuma ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, ba sai mun je nema wani wuri ba.

Abu biyu ne ke buƙatar lura. Na farko bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke buƙata, kuma ba a dogara da tsirrai wajen samunsa. Wanda ya bar nama sai ya riƙe ƙwai da nono da kindirmo, ko kifi in yana ci, in dai su ma ba sa tayar masa da ciwo. Wanda ya bar duk waɗannan dole ya nemi shawarar asibiti a kan ƙwayar bitamin. Na biyu sinadarin ƙarfe da ke ƙara jini, musamman ga 'yan matan da suka fara al'ada. Akwai shi a wake da zogale da alayyahu da riɗi, wanda Jigawa ta yi suna wajen nomansa, amma jiki ba ya zuƙarsa da sauƙi kamar na nama. Lemon tsami, tumatir ɗanye ko gwaiba tare da abinci suna taimaka masa ya shiga. Shayi kuwa yana rage shigarsa, don haka a ba da tazara tsakaninsa da abincin.

Kin tambaye ni laifin wa ne. Mai abinci ta yi abin da ta fahimta. Malaminku ya yi niyyar alheri, kuma malamin da zai zaro kuɗinsa don kada ɗalibarsa ta ji kunya abin godiya ne, sai dai da ya ja ki gefe ya tambaya da ya fi. Mafi yawan laifin na masu dariya ne. Amma ke ma, ƙanwata, kina da naki kaso. Kin san abin da nama ke yi miki, kika ci don kada a ce. Su masu dariyar sun koma gida sun yi barcinsu har da minshari, ke kika kwana kina susa. Ranar Litinin ki samu malamin nan bayan an tashi, ki gode masa, ki gaya masa gaskiyar magana. Ina kyautata zaton shi da kansa zai tsaya miki a tafiya ta gaba. Shugabannin makarantu kuma, me zai hana a ƙara layi ɗaya a takardar neman izinin iyaye kafin tafiya: akwai abincin da ɗanku ba ya ci?

Ki rubuto mini abin da likita ya ce. Sauran ƙannena na Birnin Kudu, Gwaram, Sara da Basirka, duk wanda ya san mai abincin da ke yin miya ba romo a garinsu ya aiko da kwatancen wurin, mu tara su don matafiya. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan jarrabawa.